Wannan Ba Naka Ba Ne

Marken Tudu, Dawakin Tofa
9 ga Yuni

Zuwa ga ƙanena Munir,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da aikinka da mutanen Agege. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, ta ce in tuna maka kakarka da mahaifiyarta uwa ɗaya uba ɗaya suke, don haka ba ta karɓi uzurin shekara uku ba ka leƙo mu ba. Matata Fadima da 'yarmu Khaulat suna lafiya. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, geron gonar bayan gida har ya fara fitowa, haka dai ake gaya mini.

Ni kuma jiki da sauƙi. Wata bakwai ke nan da faɗowata daga benen da muke ginawa a Bacirawa, ƙafafun suna nan ba motsi, yadda likita ya ce za su zauna. Hannuwa lafiya lau, ƙwaƙwalwa ma haka. Sai wani gyambo da kwanciya ta jawo mini a ƙugu, Fadima tana wanke shi safe da yamma.

Kwamfutar da ka aiko ta hannun Alhaji Nata'ala ta iso, a naɗe cikin bargo, tana warin shanu. Allah ya saka maka da alheri. Kada ka ce don me ban kira ka ba. Ka san garinmu, sai mutum ya taka har bakin titi kafin waya ta kama, ni kuwa ba ni da ƙafar zuwa. Tunda motar shanun Alhaji tana zuwa Legas duk sati biyu, mu koma takarda kawai.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Hajiya Sadiya, wadda na zana wa shaguna shekara biyu da suka wuce, ta aiko har nan. Za ta gina gida a Bacirawa bayan damina, ta ce ba ta son zanen kowa sai nawa, kuma tana so ta ga gidan a tsaye a allo, ta zagaya shi, kafin a haƙa tushe. Tun da na kwanta babu wanda ya nemi wani abu a wurina sai ita. Kowa kawo mini yake yi.

Linux ɗin da ka saka, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, bai ba ni wahala ba, manhajar zanen ma na fara saba da ita. Shimfiɗar ɗakuna tana tafiya daidai. Amma da na tayar da bango na ɗora rufi, na ce bari in juya gidan, sai hoton ya riƙa tsalle yana maƙalewa, fankar ciki ta ɗauki gurnani, daga nan manhajar ta rufe kanta. Sau shida ke nan. Fadima ce ke kai ta caji wajen mai injin niƙa inda ake da sola, kuma batirin awa biyu yake yi, ba na son in ƙarar da su a jira.

Ka gaya mini abin da ke damunta, ka rubuta dalla-dalla.

Yayanka,
Abdulhafiz

*

Agege, Legas
16 ga Yuni

Yaya Abdulhafiz,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin rubutunka, yana nan a miƙe kamar da rula ka ja shi. Ina lafiya, sai aiki da cunkoson hanya. Ka gaishe da Inna, ka ce mata ta yi haƙuri, ina tafe da babbar salla in an ba ni hutu. Ka gaishe da Anti Fadima. Gyambon nan kada a yi wasa da shi, a nuna wa ma'aikacin asibiti.

Laifina ne, na yi gaggawar aiko ta ban gama shirya ta ba. Kwamfutar tana da katin hoto guda biyu a ciki. Ƙarami shi ke aikin yau da kullum. Babba shi ne na irin aikinka, mai ɗaga gini yana juyawa. Kowane kati yana buƙatar wata ƙaramar manhaja da ke koya wa Linux yadda zai yi magana da shi, ita ake kira direba. Direban da ya zo da Linux na kowa da kowa ne, yana iya kunna babban katin amma ba ya iya sa shi gudu. Sai mun saka na kamfanin da ya ƙera katin.

Tunda babu intanet a wurinka, na sauke komai na zuba a filash, yana cikin ambulan ɗin nan. Ka kwafe foldar da ke ciki gaba ɗaya zuwa kwamfutar. Ka shiga cikinta, ka buɗe baƙin akwatin rubutun nan da ake kira taminal, ka rubuta:

sudo sh kafa.sh

Zai tambaye ka kalmar sirri. In kana bugawa ba za ka ga komai yana fitowa ba, haka yake, ka ci gaba. In ya gama ka kashe ka kunna.

Kafin ka fara, ka rubuta lspci a akwatin, zai jero sunayen abubuwan da ke cikin injin. Ka kwafo mini layin da ke da sunan katin da lambarsa. Daidai shi ne in jira lambar kafin in zaɓi direba, amma ba na son ka yi asarar sati biyu, shi ya sa na sauke sabon da ya fito. Kusan kowane kati yana ɗauka.

Yaya, ka yi wa Hajiya gidan da za a riƙa tsayawa ana kallo. Ni na san hannunka tun muna makarantar kimiyya kana zana mini taswira ina karɓar maki.

Ƙaninka,
Munir

*

Marken Tudu
24 ga Yuni

Munir,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. An fara noman fari, gida ba kowa da rana sai ni da kaji. Malamin asibiti ya zo ya duba gyambon, ya ba da magani, ya ce a riƙa juya ni duk bayan awa biyu. Wa zai bar gona ya zo ya juya ƙato duk awa biyu? Fadima tana iya ƙoƙarinta.

Rubutunka bai canza ba, har yanzu kamar sawun zabo. Kalmar nan da ka ce in fara bugawa, harafin farko na ɗauka lamba ɗaya ce. Na buga ya fi sau goma yana ce mini bai san ta ba. Fadima ce ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Malam, wannan ai irin harafin da ke farkon Legas ne, dubi yadda ya rubuta a sama." Haka kuwa. Lambar katin tana bayan takardar nan, na kwafe ta harafi-harafi.

Daga nan na yi yadda ka ce. Rubutu ya yi ta gudu a allo kusan minti goma, har Inna ta shigo ta tsaya tana kallo, ta ce ko karatu yake yi. Da ya gama na kashe na kunna. Sunan injin ya fito, sai allo ya yi baƙi, da wani ɗan farin layi a kusurwar sama yana ƙiftawa. Na jira har batir ya ƙare. Washegari haka, rana ta uku ma haka. Yanzu ko shimfiɗar ɗakunan da na yi sati uku ina yi ba na iya gani.

Jiya Baffa Sama'ilu, wan mahaifina, ya zo ya zauna a bakin gadona ya daɗe. Ya ce, "Abdulhafiz, mutum yana karɓar abin da Allah ya ba shi. Mai zanen gini sai ya je fili ya auna, ya hau ya duba. Ka bar wahalar da yarinyar nan da ɗaukar inji cikin ruwa. Ka koyi ɗinkin hula, a kwance ma ana yi." Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma na ga ƙafafun Fadima da ta dawo daga caji, taɓo har gwiwa.

Kowa a gidan nan lallaɓa ni yake yi, kai kaɗai ne ba ka iya lallaɓa mutum ba. Don haka nake tambayarka, ka ba ni amsa ba kwana-kwana. Aikin nan nawa ne har yanzu, ko in bar shi?

Yayanka,
Abdulhafiz

*

Kara, Agege
1 ga Yuli

Yaya,

Salam. A tsaye nake rubutu a jikin mota a nan kasuwar shanu, Alhaji yana shirin tashi, yanzu aka miƙo mini takardarka na duba sama-sama. Gaskiya ka bar shi. Wannan ba naka ba ne, komai ƙoƙarin da za ka yi ba zai yiwu ba. Kada ka ƙara wahalar da kanka da Anti Fadima a kai. Ni ne na sa maka rai ban yi tunani ba, ka yafe ni. Sauran bayani yana tafe.

Munir

*

Marken Tudu
6 ga Agusta

Munir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Motar Alhaji Nata'ala ta lalace tun dawowarsa, tana gareji a Kano, shi ya sa ka ji shiru. An ce jibi za ta tashi. Gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Khaulat ta yi zazzaɓi ta warke. Ni ma yana ɗan taɓa ni da yamma, gyambon ya ƙara faɗi.

Na ga amsarka. Na nemi gaskiya ka ba ni, ba zan yi ƙorafi ba. Na dai ɗauka za ta fi layi biyar, kuma ban ɗauka a jikin mota za a rubuta ta ba. Bayanin da ka ce yana tafe na jira shi sati biyar, daga baya na gane babu abin da ya rage a bayyana.

Ranar da takardar ta zo na karanta ta, na ba Fadima ta karanta. Ta ce, "Anya haka yake nufi? Bari in je bakin titi in kira shi." Na hana ta. Na ce mata mutum ya faɗi maganarsa sau ɗaya, ba sai an sa shi ya maimaita a kunnen matata ba.

Na aika wa Hajiya Sadiya cewa ta nemi wani. Ta sake aikowa ta ce za ta jira har kaka, na ce kada ta jira. Na ji ta ba wani yaro da na koya wa riƙe tef ɗin awo. Zai yi mata daidai gwargwado, sai dai ba ya kula da inda rana ke faɗuwa.

Baffa ya kawo mini zare da allura da hula biyu da aka yi wa zane. Na fara ɗaya. Yatsuna suna yi, abin ba wuya. Ina kaiwa rabin layi sai in ga na ajiye ina kallon azara. Inna tana cewa in ci abinci, ina ci don ta daina tsayawa a kaina.

Kwamfutar tana cikin bargonta a ƙarƙashin gado. In kana da wanda zai amfana da ita ka faɗa, in ba Alhaji ya mayar maka. Ban riƙe ka da komai ba. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne, da Baffa ya faɗa na ce tsoho ne bai san aikin ba. Kai kuwa ka sani.

Abdulhafiz

*

Agege
12 ga Agusta

Yaya Abdulhafiz,

Salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta takardarka a shago, na kasa ci gaba da aiki, na fita waje na zauna.

Wallahi direba nake nufi. Direban da na aiko ne ba naka ba, ba na katinka ba ne. Ranar nan a kara, bayan takardar na fara juyawa don in ga lambar. Ina ganinta na gane katinka tsoho ne, sabon direba ya daina ɗaukar irinsa, shi ya sa allo ya yi baƙi. Hankalina ya tashi kada ka yi ta sake kafawa ka ɓata wani abu, sai na rubuta ka bar shi. Tambayarka ta ƙarshe ban gan ta ba sai da mota ta tashi, na koma gida na zauna na karanta a nitse. A ranar na rubuta maka shafi uku, na haɗa da sabon filash, na ba wani direban shanu da ya ce yana bi ta wajenku. Yanzu na bincika, ashe Shanono ya nufa, kuma ba wanda ya san inda ambulan ɗin ya shiga. Na kira lambar Anti Fadima ba adadi, ba ta shiga. Da na ji shiru na ɗauka kana can kana zane. Ban yi tunanin in je kara in tambaya ba. Wannan ma laifina ne.

Ga amsar tambayarka, ba kwana-kwana. Aikin naka ne. A shagonmu muna gyara wa masu zanen gini injinansu, rabinsu ba sa zuwa fili, ana aiko musu awo ne. Ban ga wanda ya kai ka ba.

Zanenka yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Ka kunna. In allo ya yi baƙi ka danne Ctrl da Alt da F3 tare. Rubutu zai fito yana neman sunanka da kalmar sirri. Ka shiga foldar da ka kwafe, akwai fayil ɗin cirewa a ciki wanda na manta ban gaya maka ba. Ka rubuta:

sudo sh cire.sh

Ka kashe ka kunna, hoto zai dawo kamar da. Sannan ka sa sabon filash ɗin nan, ka kafa kamar yadda ka yi da farko. Wannan na gwada shi a kan inji irin naka sau biyu. Na rubuta komai da manyan baƙaƙe a takarda ta biyu.

Zazzaɓi tare da gyambo ba ƙaramin abu ba ne. Don Allah a kai ka Kano, kada a jira. Na nemi hutu, sun ce sai ƙarshen wata. Zan zo da ƙafata in tsaya a gaban Baffa.

Ka yafe mini, Yaya.

Munir

*

Marken Tudu
27 ga Agusta

Zuwa ga Malam Munir,

Assalamu alaikum. Ni ce Fadima. Ina fatan kana lafiya. Na san Alhaji ya kira ka ya gaya maka rasuwar yayanka, amma akwai abin da ba zai iya faɗa maka ba don ba ya nan. Inna ta ce in rubuta. Tana gaishe ka, tana ta haƙuri. Khaulat tana wajen ƙanwata.

Takardarka ta zo ran Laraba da hantsi. A lokacin kwana huɗu ke nan ba ya cin komai sai koko. Idonsa ba ya iya tsayawa a kan rubutu, ni na karanta masa. Da na kai inda ka ce direba kake nufi, ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake. Ya ce, "Yaron nan bai taɓa iya rubuta wasiƙa ba." Bayan nan kuma ya yi kukan. Ya ce mini, "Da na bar ki kin je bakin titi." Na ce ya wuce.

Ya ce in jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado. Na kai caji, na zauna a wurin har ta cika. Ran Alhamis bayan azahar na jingina shi da filo uku, na ɗora ta a kan tire a cinyata, don hannunsa ba ƙarfi. Yana faɗa ina bugawa. Wurin kalmar sirri na tsorata da ban ga komai ba, ya ce in ci gaba. Muka cire, muka kunna, hoto ya dawo. Muka sa sabon filash. Da aka zo kunnawa ta biyu ya kawar da kai, ya ce in ta yi baƙi kada in gaya masa, in rufe kawai. Ba ta yi baƙi ba.

Ya nuna mini inda zan taɓa, gidan Hajiya ya fito. Na ja yatsa kamar yadda ya ce, gidan ya juya sumul, ba tsalle ba gurnani. Ban taɓa ganin aikinsa a tsaye ba sai ranar, a takarda kawai nake gani. Inna ta shigo, Baffa ma aka kira shi. Baffa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Duk wannan a cikin kanka yake?" Malam ya ce e.

Ya sa na zagaya da shi gidan sau uku. A na ukun ya ce in tsaya. Ya ce tagar ɗakin Hajiya tana kallon yamma, rana za ta dafa ta da la'asar, dole a mayar da ita bangon arewa. Na ce, "Malam, ai an ba wani aikin." Ya ce ya sani, amma ba a barin taga a nan. Ya yi ta gaya mini inda zan danna, na kasa, hannunsa kuma ya ƙi tsayawa. Batir ya nuna ja. Ya ce a bari sai gobe.

Washegari zazzaɓin ya hau sosai, ba ya gane mutane. Ran Asabar aka samo mota muka kai shi Kano. Likita ya ce gyambon ya shiga jini. Ya rasu ran Litinin da safe, aka dawo da shi gida aka yi masa sutura bayan azahar.

A mota ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya ce in gaya maka babu komai tsakaninku, kuma kada ka ɗora wa kanka. Na faɗa maka kamar yadda ya faɗa. Ni ma ban riƙe ka ba. Likitan ya ce ciwon ya daɗe yana cinsa, tun kafin duk wannan.

Ka zo ƙarshen watan kamar yadda ka yi niyya, Inna tana son ganinka. Ina cikin takaba, amma za mu gaisa a gabanta. Kwamfutar taka ce, ka tafi da ita. Sai dai kafin ka ɗauka ina roƙon abu ɗaya. Na kunna ta sau biyu na gwada, na kasa. Ka nuna mini yadda ake matsar da taga, ni nake so in mayar da ita arewa da hannuna.

Wassalam,
Fadima